Iya Ruwa, Fid da Kai

Ranar Asabar 11 ga Oktoba, 2025, ko karin kumallo ban yi ba na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗan ƙanwata ne, saurayi ɗan shekara ashirin da uku. A Maraɗi aka haife shi, aka zo da shi Faransa yana goye, ya tashi a unguwar Mas du Taureau a nan Vaulx-en-Velin, gabas da birnin Liyon. Bai saba zuwa da sassafe ba. Da ya shigo sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, abin da ya daɗe da musanya shi da miƙa hannu. Nan na san akwai magana.

"Lafiya dai, ɗana?"

"Kawu, kuɗin Inna ne."

Ya miƙo mini waya hannunsa na rawa. Ban fahimci jajaye da korayen layukan da ke kan gilashin ba, amma na gane adadin da ke ƙasa, domin sifili ba ya buƙatar tafinta. Yuro 600 nasa ne, guminsa na ɗaukar kaya a wani sito. Yuro 1,400 kuma kuɗin adashin matan unguwa ne, mahaifiyarsa ce uwar adashi, ta ba shi ya ajiye mata a asusunsa kafin ranar kwasa. Ya haɗa su duka ya zuba a wata manhajar cinikin kirifto da ba zan ambaci sunanta ba, ya zaɓi a ninka masa sau 20. Da yuro 2,000 ya riƙe hajar yuro 40,000. Niyyarsa ya kwana biyu a ciki, ya fita da riba, ya mayar da na Inna ba tare da kowa ya sani ba.

A daren Juma'ar nan, wajen ƙarfe goma sha ɗaya agogon Faransa, shugaban Amurka Donald Trump ya sanar da ƙarin harajin kashi 100 cikin 100 a kan kayan Chaina. Bitcoin, wanda kwana huɗu kafin nan ya kai kusan dala 126,000, ya faɗo ƙasa da dala 110,000. Ƙananan kuɗaɗen kirifto da yawa sun zubar da fiye da rabin darajarsu cikin 'yan mintuna. Masu bin ƙididdigar kasuwar sun ce an rufe cinikin aro na kusan dala biliyan 19 cikin kwana guda, asusun mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi. Ɗana yana cikinsu. Yana barci aka share shi.

Abin da ya fi ci masa rai ya zo ne bayan kwana biyu, lokacin da farashin ya ɗan ɗago. Ya kira ni yana cewa, "Kawu, da sun bar ni da ban yi asarar komai da komai ba." Wannan maganar tasa ce ta hana ni barci, domin a cikinta duk lamarin yake. Ba su bar shi ba, kuma tun ranar da ya danna maɓallin ninki ya sa hannu a kan cewa ba za su bar shi ba.

Mu ɗauki ɗan kasuwar Dawanau a Kano da ya sayi buhu 100 na gero da kaka, da kuɗinsa na kansa. Mako biyu bayan nan farashi ya karye. Ransa zai ɓaci, amma geronsa na nan a sito, buhu 100 cif. Zai ja carbinsa ya jira bazara, ko ya jira a shiga damina hatsi ya yi tsada. Yana da kaya, yana kuma da lokaci. To a ce kuɗin buhu 5 kawai gare shi, dillali ya ranta masa na 95, da sharaɗin cewa duk ranar da faɗuwar farashi ta cinye kuɗin buhu biyar ɗin nan, dillali zai buɗe sito ya sayar da geron a take, ko da tsakar dare, ba sallama ba neman izini. Wannan shi ne ninki 20. Farashi ya sauka da kashi 5 cikin 100, jarinka ya ƙare. Idan ninki 50 ne, kashi 2 ya isa. Idan 100 ne, kashi 1. A gaskiya ma ba a jira ya kai nan, ana rufe ka tun da saura kaɗan, don mai ba da aron ya tsira da nasa. Shi kuwa kirifto motsin kashi 2 ko 3 a yini ɗaya abincinsa ne na yau da kullum.

Matasa suna ganin aron ƙarfi yake ƙara musu. Abin da ba sa lura da shi shi ne lokacinsu yake ƙwacewa. Wanda ya sayi kirifto da kuɗinsa ma yana iya rasa komai, kamar yadda masu riƙe da kirifton Luna suka gani a watan Mayun 2022 lokacin da ta koma ba a bakin komai ba cikin mako guda. Amma shi sai hasashensa ya ɓaci yake faɗuwa. Mai ninki kuwa yana iya faɗuwa ko da hasashensa daidai ne, in dai farashin ya ɗan ratse hanya kafin ya isa inda ya yi tsammani.

Ban yi masa faɗa a ranar ba. Wanda ruwa ya ci ba a tambayarsa dalilin shiga kogi sai an fito da shi. Bayan mako guda na ce ya raka ni cikin gari. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin A, daga tashar La Soie. Sunan tashar na nufin alharini, saboda masaƙar alharinin roba ta TASE da ta ciyar da dubban ma'aikata a wannan yanki kafin a rufe ta a 1980. Muka sauka a Cordeliers, a tsakiyar Liyon, gaban wani katafaren gini na dutse da ake kira Palais de la Bourse, tsohon gidan kasuwar hannun jari. Na ce masa ya kalle shi da kyau, don abin da ya same shi a wayarsa ya taɓa samun wannan birni ɗungurungum.

A 1875 aka kafa wani banki a Liyon mai suna Union Générale. A 1878 wani injiniyan jirgin ƙasa, Paul Eugène Bontoux, ya karɓi ragamarsa. Ya tallata shi a matsayin bankin mabiya ɗariƙar Katolika, sai mutane suka shiga da zuciya ɗaya, suna ganin nasu ne, na masu tsoron Allah. Limaman coci sun saka, masu sarauta sun saka, masu shaguna da ƙananan ma'aikata ma ba a bar su a baya ba. Hannun jarin da asalinsa faran 500 ne ya haura faran 3,000 a ƙarshen 1881. Yawancin masu saye ba da kuɗi hannu suke saye ba. Suna ƙulla ciniki ne a kan za su biya ranar sulhun kasuwa, idan ranar ta zo sai su biya ruwa a ɗage musu zuwa ta gaba, suna jiran farashi ya ƙara hawa. Muddin yana hawa kowa gwani ne. Amma da masu neman ɗagewa suka yi yawa, ruwan ya yi tsada. Shi kansa bankin yana sayen hannun jarinsa a ɓoye don ya tallafi farashi. A farkon Janairun 1882 wani bankin na Liyon, Banque de Lyon et de la Loire, ya durƙushe, tsoro ya shiga, kowa ya nemi ƙofa a lokaci guda. Kafin watan ya ƙare Union Générale ta daina biya. Kasuwar Faris sai da babban bankin ƙasa ya ba dillalanta rancen faran miliyan 80 sannan ta tsira. Dillalan Liyon ba su samu wannan gata ba, suka rushe. An yanke wa Bontoux ɗaurin shekara biyar, ya tsere ya bar ƙasar.

Ɗana ya yi shiru, sannan ya ce, "Amma Kawu, su mutanen da ne, ba su da bayanai kamar mu."

Na ce to bari in ba shi labarin mai bayanai, wanda ma a nan garin ya yi karatu. Jérôme Kerviel a jami'ar Lumière Lyon 2 ya kammala digirinsa na biyu a fannin hada-hadar kuɗi a shekarar 2000, ya kama aiki a bankin Société Générale a Faris. Ya fara ne daga sashen da ke sa ido a kan cinikin wasu, don haka ya san duk inda ake duba da inda ba a dubawa. A 2005 aka mayar da shi ɗakin ciniki. Ya riƙa wuce iyakar da aka sa masa yana rufewa da cinikin bogi. A ƙarshen 2007 yana zaune a kan ribar kusan yuro biliyan 1.4 da ya ɓoye. A ganina nan ne halakarsa ta fara, ba ranar da ya faɗi ba. Riba ta farko ita ke gaya wa mutum cewa shi daban ne. Da aka shiga Janairun 2008 ya ɗora cinikin da ya kai kusan yuro biliyan 50 a kan cewa kasuwannin Turai za su hau, adadin da ya zarce darajar bankin gaba ɗaya a kasuwa. Bankin ya gano, ya warware cinikin cikin kwana uku, daga 21 zuwa 23 ga wata, a daidai lokacin da kasuwa ke zubewa. Ranar 24 aka sanar da asarar yuro biliyan 4.9. A 2010 kotu ta yanke masa shekara biyar, uku a gidan yari. Ya dage cewa manyansa sun sani, bankin ya musanta. A 2016 kotun Versailles ta ce sakacin bankin wajen sa ido yana da babban kaso a cikin abin da ya faru, ta rage diyyar da zai biya zuwa yuro miliyan 1.

Na tambaye shi ko shi ma ya taɓa cin riba. Ya sunkuyar da kai. A watan Agusta ya mayar da yuro 200 zuwa 600 cikin kwana huɗu. Ashe wannan 600 ɗin ma ba duka ne gumin sito ba. Ranar ce ya fara kallon kuɗin Inna a matsayin jari da ke barci.

Hukumomin Faransa sun san wannan cuta tun kafin kirifto ya shigo aljihun yara. A 2014 hukumar kula da kasuwannin kuɗi, AMF, ta fitar da sakamakon binciken asusun mutum kusan 15,000 masu cinikin canji da makamantansa da aro, tsawon shekara huɗu. Kashi 89 cikin 100 sun yi asara, kowane ɗaya kimanin yuro 10,900 a matsakaici. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken ya nuna daɗewa a harkar ba ta mayar da mutum gwani, waɗanda suka fi yawan ciniki su suka fi zubar da kuɗi. Daga 1 ga Agustan 2018 hukumar kasuwannin Tarayyar Turai ta ƙayyade wa talakan ɗan kasuwa ninki 30 a manyan kuɗaɗen duniya, a kirifto kuwa ninki 2 kacal. Masu lissafin da aikinsu ke nan sun duba yadda kirifto ke tsalle suka ce biyu. Manhajojin da ke zaune a tsibirai masu nisa kuma suna miƙa wa yaro 50 ko 100 kafin ya gama shan shayi. Tun 2016 kamfanin BitMEX ya fito da irin cinikin da ba shi da ranar ƙarewa, mai ninki har 100, sauran suka kwaikwaya. A irin wannan ciniki ana lissafa kuɗin riƙo duk bayan awa takwas, kuma ladan dillali a kan dukan hajar ake yankarsa, wato a kan 40,000 ɗin, ba a kan 2,000 da yaron ya kawo ba. Ko ka ci ko ka faɗi, mai rumfa ya samu nasa.

Ba na jin daɗin masu cewa kwaɗayi ne kawai. Vaulx-en-Velin na cikin garuruwan da suka fi talauci a yankin Liyon, kusan mutum ɗaya cikin uku na rayuwa a ƙasa da layin talauci. Yaron da ya tashi a Mas du Taureau ya san cewa sunan unguwarsa na gaba da shi wurin neman aiki, tun tarzomar Oktoban 1990 da ta sa duk Faransa ta san sunan. Ya ga gobarar Disambar 2022 da ta ci mutum goma a wani bene na unguwar. Yana ganin uwarsa na fita kafin asuba share ofisoshi, ga 'yan uwa a gida Nijar kowa na jiran aike. Sai ya buɗe Snapchat ko TikTok ya ga wani da ya fito daga unguwa irin tasa yana jingine da mota a Dubai, yana cewa shi ma da waya ɗaya ya fara. Wannan talla ba a kan wawaye take aiki ba, a kan masu son fitar da iyayensu daga wahala take aiki. A 2021 an ci tarar tauraruwar talabijin Nabilla yuro 20,000 saboda ta tallata harkar Bitcoin a Snapchat ba tare da ta faɗi cewa biyanta aka yi ba. Ranar 9 ga Yunin 2023 aka kafa dokar da ta ɗaure masu tashe a kafofin sada zumunta, ta hana su tallar kirifto sai na kamfanin da ke da rajista, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara biyu da tarar yuro 300,000. Doka ce mai kyau. Sai dai ba ta shiga rukunin Telegram da ake tura wa yara "saya yanzu" da ƙarfe biyun dare.

A ƙasar Hausa ma labarin bai bambanta sosai ba. Duk wanda ya je Kano ko Katsina a 2024 ya ga matasa da dattawa suna dangwala waya a wasan Hamster Kombat, suna jiran rabon da bai zo yadda aka zata ba. A Afrilun 2025 CBEX ta rufe da kuɗin jama'a, kamar yadda MMM ta yi a ƙarshen 2016. Waɗannan biyun damfara ce, an san ɓarawo. Abin da ke ba ni tsoro game da ninki shi ne ba sai an cuce ka ba. Manhaja na iya zama mai gaskiya, farashi na gaskiya, a bi ƙa'ida tsaf, kuma ka tashi ba ko sisi. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara da dangwale yanzu sun koma abin da suke kira fiyuca, wato cinikin ninki, kuma a nan ne kuɗin makaranta da jarin shago ke narkewa ba a ji ba a gani.

Ra'ayina ban ɓoye masa ba, na ce ya bar harkar ninki kwata-kwata. Na kuma tuna masa cewa majalisar fiƙihu ta Rabiɗar Duniyar Musulunci, a zamanta na Makka a 2006, ta yanke cewa irin wannan ciniki na aro daga dillali bai halatta ba, saboda kuɗin ruwan da ke cikinsa, da haɗa rance da sharaɗin ciniki, da kasadar da ke tattare da shi. Amma na san matasa, na san ba kowa zai ji ba, don haka a kan bencin da ke gaban ginin muka zauna na ciro biro muka yi lissafi a bayan wata takarda.

Na ce masa masu wannan sana'a da suka daɗe a cikinta ba da tambayar riba suke farawa ba. Suna fara yanke nawa za su iya rasawa, sannan su auna girman cinikin a kan wannan. Da yawansu ba sa yarda ciniki ɗaya ya ci fiye da kashi 1 ko 2 na jarinsu. Wanda ke rasa kashi 1 a kowane ciniki, ko ya faɗi sau goma a jere, yana da kashi 90 na kuɗinsa. Wanda ke rasa kashi 20, bayan faɗuwa goma saura masa kashi 11. Kuma ramin asara ya fi tudun riba zurfi, domin wanda ya rasa rabi sai ya ninka abin da ya rage kafin ya dawo inda ya tashi. Muka gwada da yuro 1,000. Kashi 1 shi ne yuro 10. Idan ya ƙudura zai fita da zarar farashi ya sauka da kashi 5, to cinikin da zai iya ɗauka bai wuce na yuro 200 ba. Ya kalli takardar ya ce, "To ai Kawu, wannan ko aro ba na buƙata." Na ce ga shi ya faɗa da bakinsa.

Ya ce amma da ya sa birki, wato umarnin da ke sayar da haja da kansa idan farashi ya kai wani mataki, da ya tsira. Na ce birki na da amfani, kuma rashin sa shi ganganci ne, amma a dare irin na 10 ga Oktoba farashi ba saukowa yake a hankali ba, tsallake matakala yake, masu saye su ɓace, a sayar maka nesa da inda ka ce. Wasu ma manhajar ce ta cushe suka kasa shiga. Sannan ya bar asusun nasa a tsarin da duk kuɗin da ke ciki ke tsaya wa kowane ciniki jingina, maimakon ya keɓe wa cinikin ɗan abin da ya yarda ya rasa. Shi ya sa wuta ɗaya ta cinye ɗaki da rumbu. Duk da haka, na ce masa, babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da zai gyara kuskuren farko. Kuɗin adashi na da ranar kwasa, kuɗin haya na da ƙarshen wata, kuɗin aike gida akwai mai jiransa da tukunya a kan murhu. Kuɗin da ke da rana ba a kai shi inda ake buƙatar jira. Shi aro biyu ya ci a lokaci guda, na manhaja da na Inna, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Abu mafi wuya shi ne faɗa wa uwarsa. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, in biya a bar maganar. Ya ma ce idan na ranta masa yuro 500 zai iya dawo da kuɗin cikin mako biyu, don yanzu ya gane kuskurensa. Wannan ce kaɗai maganar da ta sa na ɗaga masa murya. Bin asara da sabon ciniki shi ya kai Kerviel inda ya kai, shi ya sa Bontoux sayen hannun jarin bankinsa da kuɗin masu ajiya.

Bayan sallar isha'i muka hau benensu. Shi ya yi magana da bakinsa, ni ina gefe. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana murza bakin mayafinta. Can ta dube ni ta ce, "Yaya, ranar Lahadi ce kwasar maƙwabciyata, kuɗin jirgi za ta biya ta je ganin mahaifiyarta a Damagaram." Ba ta yi kuka ba sai da ta faɗi wannan.

Na biya yuro 1,400 ɗin ranar Asabar, maƙwabciyar ta kwashi adashinta a kan lokaci, ta yi tafiyarta. Muka rubuta a littafi cewa zai riƙa kawo mini yuro 200 duk ranar biyar ga wata, hannu da hannu, ba ta waya ba, don ina son in riƙa ganin fuskarsa. Ya ƙara aikin dare biyu a mako a siton. Jiya ya kawo na biyar, ya zauna muka sha shayi, ya ba ni labarin wani abokinsa da ya hana shi zuba kuɗin hayar gidansu a irin wannan manhaja. Na buɗe littafin na ja layi. Saura wata biyu.